Maharazu da Akwatin Wasa

Maharazu mutumin Ringim ne, ya shigo Kano da sana'ar kafinta a hannunsa, wadda ya koya a wajen kawunsa. Ya zo a kan gaɓa, lokacin da kuɗin mai suka fara yawo a gari, kowane ma'aikaci yana son kujerun kushin da gado mai madubi. Wani kamfanin kujeru a Dakata ya ɗauke shi, ya yi shekara shida a can, har ya zama shi ake kira idan aiki ya gagari saura. Ran nan da hantsi injin zarto ya fizgi katako, ya haɗa da hannunsa na dama. Yatsu uku suka tafi, aka bar masa babba da ɗan ƙarami. Kamfani ya yi masa magani, rauni ya warke, sannan aka sallame shi. Ya tattara zartonsa da gudumarsa ya ƙunshe a buhu, ya tura ƙarƙashin gado a ɗakin hayar da suke zaune a Giginyu, shi da matarsa Fatsuma da 'ya'yansu mata biyu.

Bayan wata takwas yana zaune, wani ɗan garinsu ya samo masa gadin rana a Nassarawa, gidan Alhaji Ahmadu ɗan kwangilar hanyoyi. Aikin ba wuya. Ka buɗe ƙofa, ka rufe ƙofa, ka gaida wanda ya shiga, ka zauna. Unguwa ce ta dogayen katangu da inuwar darbejiya, sai ka yi sa'a guda ba ka ga mai tafiya a ƙasa ba. Maharazu ya saba da sa hannun dama a aljihu, da hagu yake jan ƙofa, da hagu yake karɓar saƙo.

Mutum ɗaya ce a gidan ta taɓa cewa ya nuna mata hannun, wato Inna Dije, mahaifiyar Alhaji. An ɗauko ta daga ƙauye saboda hawan jini, aka ba ta ɗaki mai na'urar sanyi, ta ce ita wannan sanyin yana shiga mata ƙashi. Kullum da safe sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma a gindin mangwaron da ke kusa da ɗakin gadi, ta zauna tana ɓarar gyaɗa tana kallon masu shiga da fita. Da ta ga hannun sai ta juya shi a tafinta, ta ce, "To ai da saura. Ka daina ɓoye shi kamar wanda ya yi sata." Ya yi dariya, amma bai daina ba.

A shekarar 1980 Alhaji ya dawo daga Ingila da wata na'urar wasa da ake jonawa a talabijin. Baƙa ce, ba ta kai faranti biyu faɗi ba, ana cusa mata kaset a ka, tana da mariƙai guda biyu masu 'yar sanda da maɓalli. 'Ya'yan gidan suka yi hutu guda suna faɗa a kanta, suka karya mariƙi ɗaya, suka koma makarantar kwana. Da Hajiya Raliya, matar Alhaji, ta tashi share sito, sai ta sa aka fitar da na'urar tare da tsohon talabijin mai hoto fari da baƙi wanda mai launi ya maye gurbinsa. Ta ce wa Maharazu, "Malam, in akwai abin da kake so a nan ka ɗauka, saura a zubar."

Yana tsugune yana juya na'urar sai ga Shu'aibu direban gidan. Shu'aibu mutumin Dutsin-ma ne, dogo, mai raha, kuma shi ne abokin cin abincin Maharazu tun ranar da ya fara aiki. Ya sha kai Alhaji Legas, saboda haka babu abin da bai gani ba.

Ya ce, "Kai, ka san abin da ka samu kuwa? A otal ɗin da Alhaji yake sauka akwai irinta, amma a tsaye take cikin dogon akwati, ya kai nan." Ya nuna goshinsa. "Talabijin a sama, sandunan a gabanka. Manya ne ke yi, da kwat da lakataye, har layi suke bi."

Ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa. Maharazu ya daɗe yana kallon zanen. Can ya karɓi tsinken ya gyara wani layi, ya ce, "In aka yi shi haka, nauyin talabijin zai kifar da shi. Sai gindin ya fi kan faɗi."

Shu'aibu ya ce, "To ka haɗa mana."

Maharazu ya ce, "Da wane hannun?"

Amma washegari ya zo aiki da buhun nan ɗaure a bayan kekensa.

Mako uku ya yi yana aikin a bayan ɗakin gadi, da ragowar falankin da motocin Alhaji ke dawowa da shi daga wajen kwangila. Kwanakin farko sun yi masa ɗaci. Guduma ta ƙi zama tsakanin yatsu biyu, ta suɓuce ta dokar masa ƙafa. Ya koma buga ƙusa da hagu, ƙusa ta riƙa lanƙwashewa. Daga baya ya yanko robar tayar keke ya ɗaure zarto a tsintsiyar hannunsa, ya ga yana ci. Inna Dije tana daga tabarmarta tana kallo, ba ta cewa komai sai, "Sannu da aiki, kafinta." Wani mai gyaran rediyo a Kawaji ya haɗa masa wayar mariƙin da ya karye. Sandunan kuwa ƙanana ne, hannunsa ba ya iya kama su, don haka ya sassaƙa musu kawuna na katako masu girman lemo, yadda mutum zai dafa da tafi. Ya goge akwatin da samfefa, ya shafa masa shuɗin fenti, ya ɓoye na'urar a ciki, ya bar 'yar ƙofa a gefe ta sauya kaset.

Ranar da suka jona shi a soket ɗin ɗakin gadi, hoto ya fito: tankokin yaƙi biyu suna zagaya katanga suna harbin juna. Shu'aibu ya yi ihu ya rungume shi. Maharazu ya dafa kan sandar da guntun hannunsa, tankarsa ta motsa. Ya kau da fuska, ya juya kamar zai gyara waya.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama layin. Direbobin da suka sauke iyayen gidansu a ofis, ba su da aiki sai ƙarfe uku da rabi, suka fara biyowa. Kuku na gidan likita ya zo, masu ban ruwan fulawa suka zo. Suka laƙaba wa Maharazu suna Injiniya. Ba ya karɓar ko kwabo a wajen kowa. Abin da yake so shi ne ya ga baƙo ya zagaya akwatin yana shafa haɗin katakon, ya tambaya daga wace ƙasa aka kawo shi.

Hajiya Raliya ce ta gaji. Ta leƙo wata rana ta ga motoci biyar a ƙofar gidanta, ta kira shi ta ce, "Malam Maharazu, gidan nan ba tasha ba ce. Ka san inda za ka kai abin nan." Sai aka kwashe akwatin zuwa garejin wani gida da ke can ƙarshen unguwar, ta wajen Giginyu. Mai gidan yana Legas, babu kowa sai mai gadinsa, wani Jibrin, kuma akwai wuta.

Da akwatin ya bar gaban Maharazu, sai wasan ya sauya. Da farko wanda aka ci shi ke sayen goro. Daga goro aka koma kwalin sigari, daga nan aka daina kunya, aka fara ajiye kuɗi a kan akwatin. In ya tashi daga aiki ya biya ta can, sai ya tarar da garejin cike da hayaƙi, fuskoki a murtuke, babu mai dariya. Ya taɓa cewa, "Jama'a, ba don wannan na haɗa shi ba." Suka ce, "Injiniya ke nan!" Suka matsa masa ya zauna, wani ya miƙo masa lemon kwalba. Ya karɓa ya sha.

Fatsuma ta ji labari a wajen matan unguwa. Tana kwashe tuwo ta ce, "Malam, an ce akwatinka ya zama gidan caca."

Ya ce, "Ni katako na haɗa. Abin da suka ga dama su yi da shi, tsakaninsu da Allah."

Ta ce, "To ka ciro na'urar ka kawo gida."

Ya ce zai duba. Bai ciro ba.

Duk cikin masu wasan babu gwani kamar Shu'aibu, babu kuma wanda abin ya kama kamarsa. A watan nan Alhaji yana yawan tafiya Legas a jirgi, yana barin Fijo da direba a gida musamman saboda jikin Inna. Da hantsi ya yi, Hajiya ta shige ɗakinta, sai Shu'aibu ya tada mota a hankali ya zo bakin ƙofa ya ɗaga wa Maharazu gira. "Minti ashirin, yanzu zan dawo." Maharazu ya buɗe. Minti ashirin ya zama sa'a guda, ya zama biyu. Inna Dije tana gani. Wata rana ta ce, "Kafinta, wai ina mutumin nan yake zuwa da mota kullum?" Ya ce, "Shan mai, Inna." Ta dube shi, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Wata Talata ce, cikin damina. Shu'aibu ya fita tun ƙarfe goma. Wajen sha ɗaya da rabi Maharazu ya ji kwanon gyaɗa ya faɗi. Ya waiwaya ya ga Inna ta kife a gefe guda, bakinta ya karkace, tana son magana harshe ya ƙi. Ya ƙwala wa Hajiya kira. Ta fito ba ko mayafi, ta tallabi kan tsohuwar, tana cewa, "Ina Shu'aibu? A fito da mota! Ina Shu'aibu?" Wayar gidan ta mutu tun ruwan shekaranjiya. Maharazu ya buga ƙofar maƙwabta biyu, duk motoci sun tafi ofis. Tasi kuwa ba ta shigowa layin sai an ɗauko ta. Ya haye kekensa.

Bai taɓa sanin unguwar tana da tsawo haka ba. Ya isa garejin numfashinsa na fita da ƙyar, ya ga Fijon gidansu a inuwa tare da wasu motoci huɗu. Ya kutsa cikin mutane. Shu'aibu yana tsaye a gaban akwatin, ya dafa sanda, gumi na zuba daga haɓarsa.

Maharazu ya ce, "Shu'aibu, Inna ta faɗi. Taho."

Shu'aibu bai juyo ba. Ya ce, "To, to. Bari in ƙarasa wannan."

"Na ce Inna ta faɗi!"

"Na ji. Saura kaɗan."

Maharazu ya zagaya bayan akwatin ya fizge wayar daga bango. Hoto ya mutu. Mutane suka ɗau hayaniya, wani ya cakumi rigarsa. Sai a lokacin Shu'aibu ya dube shi sosai, kamar wanda aka tasa daga barci, ya ce, "Wace Inna?" Sannan ya ruga wajen mota.

Daga faɗuwarta zuwa isarsu asibiti an yi fiye da sa'a guda. Likita bai ce jinkirin ne ya jawo ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Inna ta rayu, amma ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke.

Kafin Alhaji ya sauka daga jirgi, Shu'aibu ya sami Maharazu a ɗakin gadi ya durƙusa a gabansa. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Ka rufa min asiri don Allah. 'Ya'yana huɗu, ga matata Jummai da tsohon ciki. Na ce wa Hajiya birki na kai gyara. Kai ma haka za ka ce." Da Alhaji ya tara su a falo ya tambayi Maharazu inda ya samo direba, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "A wajen makanike, ranka ya daɗe." Alhaji ya yi ajiyar zuciya ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya sallame su.

Bayan mako biyar aka dawo da Inna gida a keken marasa lafiya. Ta riƙa nuna waje da hannunta mai lafiya har aka gane gindin mangwaro take so. Nan aka ci gaba da ajiye ta kowace safiya, taku goma daga kujerar Maharazu. Idan ya gaishe ta sai ta kafe shi da ido. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, amma ya san ta ga duk ranar da ya buɗe ƙofar nan, ta kuma ji abin da ya ce mata game da shan mai. Ya fara juya kujerarsa yana fuskantar titi. Abinci ya daina shiga masa. Fatsuma ta tambaye shi sau uku, a na huɗu ya gaya mata komai. Ta ce, "Ni ba zan ce ka faɗa ba, ba zan ce ka bari ba. Amma dubi yadda ka koma."

Bayan dawowar Inna, Shu'aibu ya ƙara mako biyu bai leƙa garejin ba. A na uku Maharazu ya ji ƙarar Fijo da hantsi, ya ga ta tsaya a bakin ƙofa. Shu'aibu bai iya ɗaga ido ba, ya ce, "Minti goma kawai." Inna tana zaune a kekenta tana kallonsu su biyun.

Maharazu ya ce, "Ba zan buɗe ba."

"Haba Injiniya."

"Kada ka ƙara kirana da sunan nan. Mayar da motar."

Da yamma, Alhaji yana shan iska a baranda bayan la'asar, Maharazu ya je ya tsuguna ya faɗi duk yadda aka yi, bai rage nasa laifin ba: shi ya haɗa akwatin, shi ya riƙa buɗe ƙofa, shi ya yi ƙarya a falo. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya aika aka ɗauko akwatin a bayan akori-kura, aka sauke a tsakar gida. Ya zagaya shi sau biyu, ya buɗe 'yar ƙofar gefe ya rufe, ya shafa kan sandar.

Ya ce, "Kai ka yi wannan? Da hannun nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Alhaji ya girgiza kai. Ya ce, "Da ka zo ka nuna min, da na sa ka a wajen aikina. Wargaza shi. In ka gama, ku bar min gidana, kai da Shu'aibu."

Maharazu bai fasa shi da guduma ba. Ya bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana zarewa, ya jera falankin a jikin katanga, ya naɗe wayoyin, ya ɗora na'urar a kan talabijin. Ya je gaban Inna ya durƙusa ya ce ta yafe masa. Ta ɗaga hannun hagu ta ɗan taɓa hularsa. Bai san ko yafiya ce ko sallama ba. A bakin ƙofa Shu'aibu yana tsaye da ƙunshin kayansa. Ya ce, "Ka ji daɗi yanzu? Bakinta zai buɗe ne don ka faɗa?" Maharazu ya tura kekensa ya wuce.

Inna Dije ta rasu bayan sallar layya ta shekarar da ta biyo. Maharazu ya je jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ya tafi kafin a fara gaisawa. A lokacin ya riga ya kafa 'yar rumfa a Kawaji, bakin hanyar da manyan motoci ke bi zuwa Dakata, yana yin benci da ƙofofi da allunan makaranta. Ya buɗe rumfar ne daidai lokacin da kuɗi suka fara janyewa daga gari, saboda haka wata rana a samu, wata rana a wuni ana kallon hanya. Shu'aibu kuwa labarinsa ya riga shi zuwa kowane gida a Nassarawa, babu wanda ya ƙara ba shi makullin mota. Fatsuma ta je barkar haihuwar Jummai da ɗan abin hannunta, aka karɓe ta a tsaye. Daga baya suka ji sun tashi daga gidan da suke haya.

Shekara huɗu bayan haka, wata motar katako mai ɗaukar kaya ta tsaya a gaban rumfar da azahar, falanki biyu na bodinta sun karye. Direban ya diro yana sallama, sai ya yi turus. Shu'aibu ne, ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ya waiga kamar zai koma mota. Maharazu ya amsa sallamar, ya ɗauki awo ya nufi bodin.

Yana aiki Shu'aibu na zaune a kan benci. Sai da aka kusa gamawa Maharazu ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ya su Jummai?"

Shu'aibu ya ce, "Tana Dutsin-ma wajen iyayenta da yaran. Jaririyar ba ta yi rai ba, ƙyanda ce. Ni ina hanyar Maiduguri yanzu, sai in yi wata ban gan su ba."

"Allah ya jiƙanta. Ban ji ba."

"Amin. Ina za ka ji."

Maharazu ya buga ƙusa ta ƙarshe, ya jijjiga falankin ya ga ya zauna. Aka kira salla a masallacin bakin hanya. Ya ce, "Ga buta can, in za ka yi alwala." Shu'aibu ya dubi butar, ya dubi hanya, ya ce kayan mutane ne a motar, zai yi a gaba. Ya hau ya tayar, motar ta yi tari sau biyu kafin ta kama. Maharazu ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya ɗauki butar ya tsuguna a bakin kwata.